Ɗakin Yamma da Na Ba Malamin Kamaru Haya

Da mahaifinmu ya rasu, gidansa na biyu da ke Dutsin-Ma ya faɗo hannuna. Ba nawa ba ne ni kaɗai, mu bakwai ne magada, amma ni ne babba kuma ni ke zaune a gari, saboda haka ni ke zuba 'yan haya, ni ke sallamarsu. Gidan yana manne da nawa, katanga ɗaya ce tsakani, da wata 'yar ƙofa da mata ke bi. A ƙuryarsa ta yamma akwai ciki da falo da marigayi ya gina don ajiyar hatsi, domin sana'arsa ke nan, ita na gada ni ma. Ginin bulo ne, rufin kwano, ba silin, kuma kwanon ya yi ƙasa har dogon mutum kan iya taɓa shi idan ya miƙa hannu. Taga ɗaya ce tak, ƙarama, can sama a falon. An yi ta ne don kada gero ya yi gumi, ba don ɗan adam ya sha iska ba.

Sau biyu ina ba ɗalibai ɗakin nan, duk sau biyun ba su ga ƙarshen bazara a ciki ba. Na farkon ya ce mini gara ya kwana a masallaci. Daga nan labarin ɗakin ya zaga unguwa, ba wanda ya sake tambayarsa. Ya yi wata da watanni a kulle.

Cikin sanyi ne dillali ya kawo mini Malam. Mutum ne siriri, mai sanyin murya, zai yi shekara arba'in. Hausarsa tana fita, amma da jin ta ka san ba a nan aka koye ta ba. Ya ce daga Kamaru yake, can ƙasar duwatsu, inda rikici ya rufe makarantu shekara da shekaru. Malamin lissafi ne, wata makaranta mai zaman kanta a nan gari ta ɗauke shi aiki. Ya zo da matarsa da mahaifiyarsa, ya sauke su a gidan wani direba kafin ya sami wuri. Na tambaye shi abin da ya sa duk faɗin Nijeriya ya zaɓi Dutsin-Ma. Ya ce kakansa na wajen uba mutumin Tamawa ne ta ƙasar Kurfi, nan kusa da mu, fatauci ya kai shi can ya zauna har ya rasu. Tun yana yaro yake jin sunan garin a bakin mahaifinsa.

Da hantsi na buɗe masa ɗakin. Sanyi ya kwana a ciki, har sai da ya ƙara gyara mayafin da ya yafa. Ya duba sama, ya duba tagar, ya fito ya tsaya ƙarƙashin babban iccen bedi, wato darbejiya, da ke bayan ɗakin, wanda rassansa suka lulluɓe rabin rufin.

"Alhaji, an ce mini ƙasar nan akwai zafi. Ina da tsohuwa. Yaya ɗakin yake idan zafin ya zo?"

"Zafi kamar na ko'ina, Malam," na ce. "Ka ga bedin nan? Shi ne fankarku."

Dillali ya dube ni, na dube shi, ya kau da kai. Na ce ka'idata shekara guda ake biya gaba ɗaya, kuma ba na mayarwa. Malam bai yi ciniki ba. Daga baya na ji cewa 'yan shanun da suka rage wa mahaifiyarsa aka sayar suka yi guzuri, abin da ya saura shi ya danƙa mini.

Watanni biyun farko lafiya muka zauna. Tsohuwar Bafillatana ce, fara, 'yar ƙarama, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. Ɗanta yana kiranta Dada, mu ma duk muka bi. Da yake ciki ɗaya ne, Malam da matarsa suka ɗauki uwar ɗaki, ita aka shimfiɗa mata katifa a falo, jikin bangon yamma. Kullum da la'asar takan fito da tabarma ƙarƙashin bedi tana jan carbi. Idan na wuce sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, a gaishe ka." Matata, Hajiya, ta shaƙu da ita ƙwarai. Takan bi ta 'yar ƙofar nan ta kai mata fura, su zauna suna hira, matar Malam na yi musu tafinta. A bakin Hajiya na ji cewa a garinsu Dada ko da rani sai an hura wuta a ɗaki, kuma tunda aka haife ta ba ta taɓa kwana ba bargo ba.

Wajen ƙarshen sanyi na gina sabon sito a filin da ke bayan gidan. Da motar farko ta zo sauke masara, direba ya kasa juyawa saboda bedin nan. Sai da 'yan dako suka riƙa ɗaukar buhu daga bakin titi. A ranar na aika aka kira masu saran icce. Wani mai gidan burodi ya saye itacen tun kafin ya faɗi.

Malam yana makaranta aka yi aikin. Da ya dawo ya tarar da kututture da ganye zube. Ya same ni a bakin sito ina duba buhuna.

"Alhaji, iccen fa?"

"Ya tare hanya."

"Kai ka ce mini shi ne fankarmu."

Na yi dariya na ce, "To ai wuta ma ana ɗaukewa, Malam." 'Yan dako suka fashe da dariya. Ya tsaya kaɗan, ya juya ya shiga gida.

Bazarar shekarar nan ta zo da wuri, kuma azumi ya faɗo a tsakiyarta. Mu da aka haifa a nan ma mun ji jiki. Tun ƙarfe tara na safe ba ka iya taka ƙasa ba takalmi. Ruwan randa kan yi ɗumi kamar an ɗora shi a murhu. Wuta kuwa sai a yi kwana uku ba a ga ƙyallinta ba. Ni gidana akwai silin, akwai sola mai ɗaukar fanka biyu da firiza, ga rijiyar burtsatse da tanki, amma duk da haka bayan azahar sai in kwanta a kan siminti ina juyi. Ɗakin yamma kuwa, daga azahar har faɗuwar rana, rana na dukan bangonsa ba abin da ya kare ta, kwano na gasa shi ta sama. Wata rana na shiga duba wata tsaga a bango, ban yi minti biyu ba na fito, rigata ta manne a baya. Dada na kwance a ƙasa an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane, surukarta na yi mata fifita da murfin kwali. Ta ɗago ta gaishe ni, na amsa daga bakin ƙofa.

Malam ya gwada duk dabarar da aka faɗa masa. Ya sayi sabuwar randa ya binne gindinta cikin yashi. Ya rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa. Wani ya ba shi shawara ya sa karan dawa a kan rufi, ya sayo dami huɗu ya hau da kansa ya shimfiɗa. An ce ranar sun ɗan samu sauƙi. Washegari na gani, na aika a gaya masa ya sauke, kara yana jawo gara, yana sa kwano tsatsa, ga haɗarin gobara kusa da sitona. Ya sauke.

Sai ya zo da maganar taga. Ya ce zai kira magini da kuɗinsa a fasa bangon arewa a sa taga babba, idan ya tashi ya bar mini ita. Na ce gidan magada ne, ba za su yarda a taɓa gini ba. Ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Na san da na tambaya ba wanda zai hana.

Har zuwa nan zan iya cewa rowa ce da rashin kula. Abin da ya mai da shi gaba ya faru ne a ƙofar masallaci, bayan sallar la'asar, mutane suna sa takalma. Malam ya tare ni, idanunsa sun yi ja, leɓensa ya bushe da azumi. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Alhaji, don Allah ka gaya mini gaskiya. Ranar da ka buɗe mini ɗakin nan, ka san haka yake?"

Liman na nan, maƙwabta na nan, da yawansu sun san tarihin ɗakin. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya sunkuyar da kai. Na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Na ce, "Malam, ɗaure ka na yi na sa a ciki? Da idonka ka gani ka biya. Idan bai yi maka ba, ga hanya nan." Na san ba shi da abin kama wani wuri, shi ma ya san na sani.

Daga ranar na ɗauke shi abokin gaba. Akwai tiyo da na ja daga tankina zuwa gidan haya, 'yan haya na ɗiba safe da yamma. Na ce ruwa ya yi ƙasa, wasu suna wanka da shi sau biyar a yini suna jiƙa tsummokara, na cire tiyon. Sauran 'yan hayar na ce su riƙa zagayowa ta ƙofar gidana su ɗiba. Malam bai zo ba, ni ma ban ce ya zo ba. Ya koma saye wurin 'yan ga-ruwa, su kuwa a bazara sai ka yi musu magiya kafin su shigo lungu.

Ya aiko matarsa wurin Hajiya ta roƙa a bar Dada ta riƙa yini a zauren gidan hayar, domin zauren ginin ƙasa ne na da, yana da sanyi. Kafin a kawo mini maganar na riga na ji. Da safe na sa aka jibge buhunan gero a ciki har bakin ƙofa, alhali sabon sitona ko rabi bai cika ba.

Hajiya ta riƙa aika musu ƙanƙara kullum kafin shan ruwa. Da na gane na tare ta a tsakar gida.

"Wa ya ce ki riƙa fitar da ƙanƙara?"

"Alhaji, tsohuwar nan ba ta da lafiya. Ko abinci ba ta iya ci."

"Ɗanta ya tsaya gaban jama'a ya ce ni macuci ne. Ya je ya nemi ƙanƙarar mutanen kirki."

"Ai ba ita ta faɗa ba. Ka bari in kawo ta ɗakina ta riƙa yini, ko na sati biyu ne."

"Ba gidan gajiyayyu na buɗe ba."

Na sa kwaɗo a 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajen, na jefa makullin a aljihu. Hajiya ta juya. Ta shiga ɗaki, har aka kira sallah ba ta fito ba.

Bayan kamar kwana biyar Malam ya zo ya same ni a sito. Ya yi sallama, ya durƙusa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ba ni haƙuri kan maganar masallaci, ya ce zafi ne da azumi suka ruɗe shi. Sannan ya ce ya ji ina zuwa ƙasar Kurfi sayen hatsi, kuma ya bincika an gaya masa gidan kakansa na nan a Tamawa, akwai wani dattijo da ya rage, ɗan ƙanen kakan. Yana so in taimaka in kai shi. Ba abin da yake nema sai ɗaki ɗaya na ƙasa da mahaifiyarsa za ta zauna da matarsa har ruwa ya sauka.

Da ya kwatanta gidan na gane dattijon. Manomi ne babba, na fi shekara goma ina sayen dawa a hannunsa. Na ce wa Malam ya shirya jibi mu tafi. Ya yi ta godiya har da kama hannuna.

Yana fita na ɗauki waya na kira dattijon. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, akwai wani baƙo da zai zo wurinka, ni zan kawo shi don ya matsa mini. Wai jikan yayan mahaifinka ne daga Kamaru. Ni dai ban san shi ba, haya kawai na ba shi. Na ji yana tambayar gonakin gidanku. Kuma a gida Fillanci suke yi. Ka dai san halin da ake ciki." Malam bai taɓa yi mini maganar gona ba. Maganar Fillanci kuwa na san nauyinta sarai, a lokacin da ƙauyukanmu ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, kowane baƙo ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri.

Ranar muka kama hanya da safe a motata ta ɗaukar kaya. Malam ya sa farar riga wankakkiya, ya riƙo leda da dabino da sukari da turare. Tun daga Dutsin-Ma har Kurfi yana ba ni labarin kakansa, yadda ya tafi da jakuna uku, yadda har ya mutu yana cewa zai koma gida. Da muka bar kwalta muka shiga hanyar ƙauye sai ya koma kallon gonaki fetal da busassun kara.

Dattijon na zaune a ƙofar gida ƙarƙashin tsamiya, da 'ya'yansa maza uku, manya, a tsaye bayansa. Ni aka shimfiɗa mini buzu. Malam ba a nuna masa wurin zama ba. Ya durƙusa a rana, ya gaida su, ya ce, "Baba, ni ɗanka ne." Ya jero sunayen kakanni har huɗu, ya faɗi sunan rijiyar da ke bayan gidan, ya faɗi dalilin tafiyar kakansa. Ina kallon fuskar dattijon, na ga ya gane komai. Har hannunsa ya ɗan motsa kamar zai miƙa. Sai babban ɗan ya yi magana.

"Mu ba mu san da wani dangi a Kamaru ba. Gonaki kuma an raba tun kafin a haife mu."

"Yaya, ban zo don gona ba," in ji Malam. "Mahaifiyata ce zafi zai kashe. Ɗaki ɗaya nake roƙo, na ƙasa, ko na ajiyar kaya ne. Ruwa na sauka zan ɗauke ta."

"Yanzu ba a saukar da baƙo a garin nan sai da sanin mai gari da jami'an tsaro. Wa zai tsaya maka?"

Malam ya juyo ya dube ni. Su ma duk suka dube ni. Na ce, "Ni dai haya ce tsakanina da shi."

Dattijon ya ce Malam ya yi haƙuri, zamani ne ya lalace. Malam ya ajiye ledar tsarabar a gabansa, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya ɗauka ya mayar masa. Ni kuma na tashi muka shiga rumbu da dattijon muka yi cinikin dawa. Awa ɗaya da wani abu muka ɗauka ana awo ana ɗinki. Duk tsawon lokacin Malam na tsaye jikin mota, a 'yar siririyar inuwar da ta yi. Da aka gama lodi ya taya 'yan dako ɗaure igiya. A hanyar dawowa, sai da muka shigo gari ya ce, "Na gode, Alhaji, ka yi ɗawainiya."

Kwana shida bayan haka Dada ta rasu. Ranar ko tsuntsu ba ka gani a sama. Ina sito bayan azahar ina gyangyaɗi, sai na ji ihun mace daga ɗakin yamma. Matar Malam ce ta fito ba mayafi, tana buga 'yar ƙofar nan da na kulle, tana kiran Hajiya. Hajiya na ta ɗaya gefen tana jijjiga kwaɗon. Makullin yana aljihuna. Kafin in taso in zagayo, Hajiya ta fita ta ƙofar gida a guje, ta bi ta titi ba takalmi, ta shiga gidan hayar.

Na bi bayanta. Tsohuwar na kwance, jikinta zafi rau kamar garwashi, amma ba ɗigon gumi, bakinta a buɗe, tana wani irin numfashi. Suka yi ta zuba mata ruwan da ya rage a randa. Aka aika makaranta aka kira Malam. Ni na fito da mota, muka sa ta a baya kan tabarma, kanta a cinyar ɗanta. Ma'aikatan asibiti sun karɓe ta da sauri, suka sa mata ruwa, suka lulluɓe ta da ƙanƙara. Likita ya tambayi Malam inda take yini, ya gaya masa. Likitan ya girgiza kai kawai. Ba ta kai la'asar ba.

Da yamma aka yi mata sutura. Hajiya ce ta yi mata wanka tare da wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Mutanen unguwa sun fito sosai, har da waɗanda ba su taɓa gaisawa da Malam ba. Na tsaya a sahun gaba. Na kama makara, na zuba ƙasa. Da aka dawo aka rasa inda za a zauna karɓar gaisuwa, sai na sa aka kwashe buhunan geron nan daga zaure aka shimfiɗa tabarmi. Cikin minti ashirin aka gama kwashewa. Mutane suka riƙa cewa Allah ya saka wa Alhaji da alheri, ya yi wa baƙo abin da ɗan'uwa zai yi. Ina amsawa da amin. Daga Tamawa ba wanda ya zo, ko da yake na san labari ya kai musu, don ni na faɗa wa dattijon a waya.

Hajiya ta yi kusan wata ba ta haɗa ido da ni ba. Takan ajiye mini abinci ta fita. Rana ɗaya kawai ta yi magana, ina cin tuwo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ƙafata har yanzu ba ta warke ba." Kwaltar ranar nan ta sale mata tafin ƙafa. Na ce ta shafa man kaɗanya.

Malam ya ƙarasa zangon karatu. Ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi, sannan ya zo ya same ni a sito da makulli a hannu. Ya ce ya sami wata makaranta can wajen Mambila, an ce ƙasar ta yi kama da tasu, gobe da asuba za su tafi. Akwai sauran watanni a hayarsa, bai ambata ba, ni ma ban tayar ba. Ya ce sun share ɗakin, randar kuma ya bar wa Hajiya.

Ya juya zai tafi, sai ya dawo.

"Alhaji, ina da roƙo ɗaya. Kabarin Dada yana gefen da ruwa ke bi. Na sa masa alama da fasasshiyar tukunya da reshen ƙaya, amma na san damina za ta cinye shi. Don Allah idan ruwa ya yi nisa ka sa a ƙara masa ƙasa. Ba ni da wanda na sani a garin nan sai kai."

Na ce, "Haba Malam, wannan ai ba sai ka roƙa ba. Ka ɗauka an yi."

Ya karɓi lambar wayata ya rubuta a bayan wata takarda, ya yi mini addu'a, ya tafi.

Damina ta yi kyau a shekarar. Na shiga harkar taki, daga nan kaka ta zo, na shiga sayen sabon hatsi daga wannan kasuwa zuwa waccan. Sau da yawa ina wucewa ta gefen maƙabartar da mota, in ce gobe. Sai bayan an gama girbi, da aka yi rasuwar wani abokin kasuwancina, na shiga. Da aka watse na zagaya gefen da muka binne ta. Ruwa ya yi hanya ta wurin, ya shafe kaburbura kusan goma, ƙasa ta baje, ciyawa ta rufe ta bushe. Na ga gutsattsarin tukwane a warwatse cikin kwari. Na tambayi mai gadin maƙabartar ko ya tuna inda aka sa wata tsohuwa baƙuwa cikin azumi. Ya ce a bazarar nan tsofaffin da aka kawo suna da yawa, ba zai iya tantancewa ba. Na ɗan tsaya, na karanta abin da ya sawwaƙa ina fuskantar wurin gaba ɗaya, na fito.

Bayan kamar sati uku wayata ta yi ƙara ina tsakiyar awon wake a kasuwa. Baƙuwar lamba ce. Muryar Malam ce, tana yankewa. Ya gaishe ni, ya tambayi Hajiya da yara, ya ce matarsa ta haihu, mace, an sa mata sunan Dada. Na yi masa barka. Sai ya ce, "Alhaji, maganar kabarin fa?"

"An gyara, Malam," na ce. "Da kaina na tsaya aka yi."

Sannan na ji yana cewa Allah ya jiƙan mahaifana, Allah ya sa in gama da duniya lafiya. Mai awo na jirana da kwano a hannu, na ce wa Malam ina cikin kasuwa, zan kira shi anjima. Ban kira ba, shi ma bai sake kira ba.